Kujera Mai Gajeriyar Ƙafa

Tun satin farko Malama ta ji wani abu bai kwanta mata ba a shagon kafintan. Ba ƙurar katako ba ce, ba kuma ciwon gwiwa ba. Yabo ne ya yi yawa.

Ta tsufa tana riƙe da jan biro a makaranta kafin ta yi ritaya, ta san aikin ɗan koyo ba ya fita ba gyara. Amma ita komai ta taɓa, sai maigidan shagon ya ce, "Kai, Mama, hannun nan naki akwai albarka!" Sauran masu koyo kuwa, har da wani magidanci mai gemu, kullum cikin shan faɗa suke kan ƙusa ɗaya da ta karkace. Kuma duk sanda ta doshi zarto, sai a tuna mata da wani katako da ke jiran a goge shi da samfefa.

Sai ta shiga juya abin a ranta. Wa ya nemo mata shagon? Babban ɗanta, likita, wanda da farko ya dage cewa hutu ne maganin tsufa. Ita dai ta ga abin da hutu ya yi wa ƙawayenta: daga kujera sai gado. Kwatsam kuma ya sauko, har da kawo ta a mota. Ranar ya ja kafintan bayan tulin katako suka yi ƙus-ƙus. A lokacin ta ɗauka gaisuwa ce.

Da aka ba ta 'yar kujera ta haɗa, an riga an yanka mata ƙafafun, sai ta jira maigidan shagon ya fita sayen gam. Ta ɗauki zarto ta rage wa ƙafa ɗaya faɗin yatsa, ta haɗa, ta goge, ta ajiye a gabansa da ya dawo.

Ya ɗora hannu, kujera ta yi rawa. Ta ga idonsa ya sauka kai tsaye kan ƙafar. Ya haɗiye yawu.

"Madalla, Mama. Ƙasan shagon ne ba daidai ba."

"To zauna a kai."

"Ai ban gaji ba."

"Zauna, ɗan nan."

Ya zauna a ɗosane, yana tokare da ƙafa kamar mai koyon keke.

"Me likita ya ce maka?"

"Wane likita?"

"Wanda na haifa."

Ya sosa ƙeya, ya dubi ƙofa, ya dubi mai gemu, wanda ya duƙufa kan aikinsa kamar kurma.

"Cewa ya yi a lallaɓa ki. Kar ki taɓa abu mai kaifi. Wai in kin gaji, da kanki za ki bari."

"Ni kuwa tebur nake so in yi, in ci abinci a kansa kafin in mutu. In raino kake yi, faɗa min in nemi wani shagon tun ina iya tafiya."

"Mama, kin haife ni. Da wane baki zan yi miki faɗa?"

"Da wanda kake yi wa wancan bawan Allah."

 Sai kafintan ya miƙe, ya kifa kujerar, ya shafa ƙarshen ƙafar da babban yatsa. Fuskarsa ta canza.

"Ragewar dai da gangan ce, na gani. Amma karkacewar nan ba da gangan ba ce. Wannan yanka ne ko cizo? An ɓata min katako mai kyau!"

Ya miƙo mata zarto da guntun katako. "Riƙe. Ba haka ba! An ce miki biro ne? Saki kafaɗa."

Maganar ta yi mata zafi, ta ji kunnuwanta sun ɗau ɗumi. Duk da haka ba ta ɗauke ido daga fuskarsa ba, don mutumin da aka sa ya yi yabo, ana iya sa shi ya yi faɗa. Ta ja zarton, ya kauce daga layin da aka zana a katakon. Kafinta ya ja tsaki, irin wanda ke kuɓuce wa mutum ba shiri, har ya kama bakinsa.

Malama ta gyara zaman tabarau, ta sunkuya, ta sake ɗora zarton a kan layin.