Tozon Kafaɗar Genzo

"Ba za mu bi ta layinku ba, Inna Tokiko," in ji Kurata, shugaban 'yan ɗaukar abin bauta, yana ɗaure ƙyallen goshinsa. "Gidan gawa ne."

"Har Genzo ya zama gawa a bakinka? Ko sanyi bai gama yi ba."

Da asubar ranar bikin bazara maƙwabcinta Genzo mai ɗinkin tabarmi ya cika. Tun yana saurayi kafaɗarsa ke ƙarƙashin mikoshi, ɗan ɗakin nan mai ruwan zinariya da ake zaga unguwa da abin bauta a ciki, har kafaɗar ta yi tozo kamar na sa. Jiya da ta kai masa kunun shinkafa ya riƙe hannun rigarta. "Ki ce wa yaran nan su tsaya a ƙofata," ya ce. "Su girgiza shi sosai, don in ji ƙararrawar jikinsa." Ta ce an gama, ita da bakinta.

"Abin bauta ba ya kusantar mutuwa, kin fi ni sani," in ji Kurata. "In wani ya karye a ƙarƙashinsa bana, wa za a zaga? Ni."

"Wa ya koya maka sa kafaɗa? Kana kuka da majina shi ya karɓe maka nauyin."

"Da yana da rai, Inna..."

"Wato laifinsa bai jira yamma ba."

Kurata ya duƙa yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Baƙin ciki ya tokare ta, don ta san Genzon kansa ya sha kauce wa gidajen makoki da mikoshin a kafaɗa, bai taɓa cewa uffan ba.

Ta koma gidan Genzo. Sadayo, matar mamacin, ta hau kujera tana liƙa farar takarda a kan ɗan ɗakin bautar gidan, don kare shi daga mutuwar.

"Suna zuwa, Yaya?" ta tambayi Tokiko.

Tokiko ta riƙe mata ƙafar kujerar kawai.

"Farar rigar gawar ta ƙi zama a kafaɗarsa," in ji Sadayo. "Sai da na farke ɗinkin."

A bakin ƙofa bokitin da Sadayo ta cika tun jiya yana nan, na watsa wa 'yan ɗauka ruwa. Gangunan bikin suka taso ta layin baya, ruwan ya ɗan yi rawa. Suka yi nisa, ya kwanta.