Kwanar Ɓaure

"Na ce maka giyar ce ta ƙi shiga."

"Giya." Abu Nadim bai ko juyo ba, idonsa na kan hanya. "Shekara biyu a jere, a kwanar hanya guda, giya tana ƙin shiga. Da hannuna na ɗaura giyar nan, yaro. Ba ta taɓa ƙi mini ba."

"To, kai tana jin tsoronka."

"Kar ka mai da ni abokin wasanka."

Nadim, ɗansa, ya mai da fuskarsa ga taga. Tun da gari ya waye suka baro garin Zahle, yanzu hanya ta fara miƙewa sama tsakanin gonakin tuffa. Tsohuwar Datsun ɗinsu mai ƙofa biyu, mai launin ruwan lemo, tana ta gurnani a ƙarƙashinsu. A bayan kujeru akwai tayoyin tsere biyu, jakar sifanoni, da kwandon abincin da mahaifiyarsa ta haɗa musu. Sauran 'yan gasar hawan dutse a bayan tirela suke ɗauko motocinsu. Su kuwa da ƙafarta take zuwa, da ƙafarta take komawa. Uban yakan ce motar da ake goyawa amarya ce, ba mota ba.

Mota ɗaya ce, direba biyu. Uban lamba 38, ɗan 138. Tsinken baƙin salatif ne kawai bambancin: in Nadim zai hau a manna shi gaban lambar ya zama 1, in uban ne a ɓare. Dutsen Ain Safsaf kuwa ba a hawansa tare. Mota ɗaya ke tashi daga gindi, ta murɗa kwanoni har ƙoli, agogo ya yanke hukunci, sannan ta baya ta taso.

"Ina da kunne," in ji uban. "A can ƙasa nake tsaye, amma dutse ba ya rufa wa kowa asiri. Kana zuwa kwanar ɓaure sai ka rage wuta. Inji ya ja numfashi. Na ji bara, na ji bara waccan. Kowa ya ji."

"Kwanar tana da yashi."

"Ɗazu giya, yanzu yashi."

Dukansu sun san abin da ke ƙarƙashin maganar. Ranar da Nadim ya fara shiga gasa, mahaifiyarsa ta tsaya a ƙofar gareji ta ce ba za ta riƙa miƙa wa dutse maza biyu ba har ƙarshen ranta. Ta sa mijinta ya ɗora hannu kan burodi ya rantse: duk ranar da yaron ya riga shi, uban ya rataye hular kwano ke nan. Abu Nadim ya rantse yana dariya. A lokacin ba wanda ya isa ya kamo shi a ajinsu, balle yaron da bai iya ko canja giya da kyau ba.

Yanzu ya iya. Shekara biyu ke nan da ya san ya iya.

A shagonsu na tagogin alminiyom, maganar uban ba ta wuce "miƙo", "auna", "ba haka ba". A gida kuma labarai ne a talabijin, sai barci a kujera. Cikin motar nan kaɗai Nadim yake da uba mai magana, mai waƙa da muguwar murya, mai ba da labarin yadda ya taɓa sauka daga dutse da taya uku. In ya rataye hula, wannan mutumin zai tafi, a bar masa na shago.

Suka tsaya a gidan burodi na bakin hanya inda suka saba. Uban ya karɓi man'ushe mai zafi, fallen burodin da aka shafe da garin ganyen za'atar, man zaitun na ɗiga a takarda, bai kai baki ba.

"Ji nan da kyau," ya ce. "Mutumin Beirut ɗin nan har yanzu yana bugo mini waya, yana son sayen motar. In na ji ka rage wuta yau, gobe tana gidansa. Wallahi."

"Idan kuma na riga ka?"

"Na riga na rantse."

"To ko ta ina na bi, an gama ke nan."

"Wa ya ce za ka riga ni?" Uban ya gatsi burodin. "Ba sadaka nake nema a wajenka ba. Taka ta har ƙasa, ka ga ko tsohon ya mutu."

Nadim ya riƙe wannan maganar, don ita kaɗai ce ƙofar da ta rage: ya yi iya ƙoƙarinsa, uban kuma ya fi shi duk da haka. Da suka koma mota ya lura uban ya tsaya yana murza gwiwarsa ta dama kafin ya shiga. A mararrabar gaba kuma sai ya ce, "Karanta mini allon can, rana na kashe mini ido." Rana tana bayansu. Nadim ya karanta masa.

A gindin dutsen, filin cocin ƙauye ya cika da motoci da ƙamshin mai. Mata na sayar da gahawa. Yara sun hau katanga. Kawu Tanyus, mai riƙe da allon sakamako tun kafin a haifi Nadim, ya hango su ya ɗaga oba-obarsa sama.

"Ga zaki, ga ɗansa mai ladabi! Abu Nadim, har yanzu lemon nan bai ruɓe ba?"

"Zai binne ka, Tanyus."

"Ya binne haƙorana dai, saura ni." Ya kama kumatun Nadim ya girgiza. "Ɗana, yau ma za ka tsaya gaida ɓauren nan? Itacen har ya saba da kai, bana ya yi 'ya'ya don murna."

Mutane suka yi dariya. Nadim ya sunkuya ya fara kwance tayoyi. Kunnensa ya yi zafi. Ashe da gaske kowa ya ji. Shi yana ganin mutunci yake kare wa mahaifinsa, ashe tsohon ya shekara biyu yana karɓar kofin da kowa ya san ba nasa ba ne.

Hawan gwaji ya wuce lafiya. Hawan farko ma bai raba gardama ba, don wani ya zubar da mai a tsakiyar hanya, aka barbaɗa siminti, kowa ya bi a hankali. Saura na ƙarshe. Nadim ne a gaba.

Ya manna salatif ɗin. Uban ya leƙo ta taga, ya ja bel ɗin kafaɗarsa har sai da numfashinsa ya tsaya, kamar yadda yake yi masa tun ranar farko. Ya buga saman hular sau biyu.

Tuta ta sauka.

Kwanonin farko ya san su kamar matakalar gidansu. Katangar dutse a dama, kwazazzabo a hagu, damman ciyawa a inda hanya ta tsuke. Motar ta yi sauƙi a hannunsa. Ya wuce gidan mai jan rufi, ya wuce famfon ƙauye inda tsofaffi ke zaune a kujerun roba. Can sai ga ɓauren, ya miƙo reshe bisa hanya, inuwarsa ta rufe bakin kwanar yadda ba ka ganin mafita sai ka shiga. Ƙafarsa ta so ɗagowa da kanta, ta saba. Ya danne ta. Bayan motar ya zame kaɗan, ganye ya shafi gilas, sai ga rana kuma, hanya ta miƙe.

A ƙoli ya kashe inji ya zauna. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne daɗin da ya ji.

Da aka sauko da motoci a jere, ya tarar Kawu Tanyus ya rubuta lokacinsa da alli, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Datsun ɗin ba ta taɓa yin irinsa a dutsen nan ba, ko a zamanin da gashin uban yake baƙi.

Abu Nadim ya daɗe yana kallon allon.

"Haka ake yi," ya ce. "Ɓare salatif ɗinka."

Nadim ya ɓare, ya manna a bayan hannunsa. Uban ya shiga mota, ya ɗauki hula. Igiyar haɓa ta ƙi shiga maɗaurinta, ya gwada, ya sake gwadawa. Nadim ya miƙa hannu, uban ya buge shi, ya ɗaura da kansa.

"Baba."

"Mene ne?"

"Don Allah ka riga ni."

Uban ya dube shi ta ramin hular. Kamar zai yi dariya, bai yi ba. Ya tayar da inji.

Daga filin coci kwanoni uku kawai ake gani, sauran sai da kunne. Duk wanda ya daɗe a harkar nan ya san karatun: ga inda ake canja giya, ga inda ake taɓa birki, ga inda mai tsoro ke bayyana. Filin ya yi tsit. Har matan gahawa sun bar kaɗa kofuna.

Ƙarar ta hau dutse tana amsa kuwwa, ba gargada. Nadim ya rufe ido yana binta. Gidan mai jan rufi. Giya ta uku, a daidai wurin, ko ma kafin wurin.

"Kai!" in ji Kawu Tanyus a hankali. "Tsohon ya fusata yau."

Famfon ƙauye. Uban bai taɓa birki ba inda Nadim ya taɓa. Nadim ya ji bakinsa na motsi, addu'ar da mahaifiyarsa ta koya masa yana ƙarami ce take fita, rabi ya manta. Uban yana gaba. Ko kurma ya san yana gaba. Saura ɓaure.

Sai inji ya ja numfashi.

Ɗan kaɗan ne, bai fi a haɗiye yawu ba. Sannan ƙarar ta dawo da ƙarfinta, ta ci gaba har ta ɓace a ƙoli. Ba wanda ya dubi Nadim. Wani ya yi tari. Oba-oba ta yi ƙara, Kawu Tanyus ya kara a kunne, ya ɗauki alli ya rubuta a ƙarƙashin sunan Nadim, ba a samansa ba. Tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba. Wannan karon bai yi wa kowa ba'a ba.

Da motoci suka sauko, Abu Nadim ya fito yana ɗingisa ƙafar dama. Ya cire hula, gashinsa ya jiƙe sharkaf. Mutane suka taru, masu rungumar ɗan, masu sumbatar uban a kumatu. Shi kuwa ya kama hannun Nadim, ya ɓare salatif ɗin da ke manne a bayansa, ya dunƙule, ya jefa a kwandon shara.

"38 ta ishe ka," ya ce. Ya juya. "Tanyus! Zo ka ci abincin Ummu Nadim kafin yaron nan ya cinye, ya fara cin nawa rabon."

Suka zauna a inuwar coci suka buɗe kwando. Nadim bai taɓa ganin mahaifinsa ya ci abinci haka a ranar gasa ba. Ya cinye dankalin, ya side cuku, ya nemi ƙarin zaitun. Ya ba da labarin taya uku, ya ƙara masa gishirin da babu shi a da. Kafaɗunsa sun sauko kamar wanda ya sauke buhu. Nadim yana kallonsa, burodi a hannu. Tunani biyu suna ja masa rai. Ko tsohon ya ga yana gaba ne ya bar masa, ya rama abin da aka yi masa. Ko kuwa inuwar ɓauren ce ta rufe masa ido, ƙafar ta ɗago ba da izininsa ba. Akwai na uku, wanda ya fi ƙin tsayawa a kansa: wataƙila mutumin ya daɗe yana son sauka, rantsuwar ce kaɗai tsanin da zai bi ba kunya, shi kuma ya shekara biyu yana janye masa tsanin.

Da la'asar suka mayar da tayoyin hanya. Uban ya jefa masa makulli, ya zagaya ya zauna a kujerar gefe, ya ɗora hular a cinyarsa. Ƙaramin kofin da aka ba Nadim yana birgima a baya tsakanin sifanoni.

Suka gangara cikin gonakin tuffa. Uban bai yi waƙa ba. Ya jingina kai da taga, idonsa a lumshe, yatsansa na shafa wani tsohon ƙarce a jikin hular. Suka wuce gidan burodin, an rufe. Kwarin Beka'a ya buɗe a gabansu, rana ta kwanta a kan gonakin inabi.

Nadim ya rage gudu bayan wata motar kayan lambu, bai nemi wuce ta ba.

"Baba," ya ce. "Ɗazu, a kwanar ɓaure. Giyar ce ta ƙi shiga?"