Litinin Ɗin Mai Aski

Neri mai aski mutum ne mai baki. In ka zauna a kujerarsa, kafin ya gama maka ƙeya ya ba ka tarihin garinsu Firenze na ƙasar Italiya kaf, har da abin da bai faru ba. A bayan babban gidan tarihin garin aka haife shi, kullum ta gefen katangarsa yake tura kekensa zuwa shago, amma ko sau ɗaya bai taɓa sa ƙafa a ciki ba. Ba shi kaɗai ba ne, rabin unguwar haka suke, gani suke yi wurin na baƙi ne masu hula da kyamara. Bambancinsa da sauran shi ne su ba sa cika baki.

Duk abin da ya sani game da zane-zanen ciki da na'urori da mutanen da suka ƙera su, daga bakin baƙin da yake yi wa aski ya tsinta. Ya haɗa ya ƙara gishiri, ya riƙa ba 'yarsa Oretta da yamma. Wanda ta fi so shi ne labarin wani injin tashi na katako mai fikafikai irin na jemage, da aka rataye a rufi.

Da malamarsu ta shirya kai 'yan aji gidan tarihin ranar Alhamis, Oretta ta shigo shago da gudu tana murna. Aka yi rashin sa'a shagon cike yake. Neri ya ɗaga almakashi ya ce malamar nan baƙuwa ce 'yar garin Milano, ba za ta nuna wa 'yarsa garin kakanninta ba, shi zai kai ta da kansa, ya nuna mata lungun da ko masu gadi ba su sani ba. Aka yi dariya aka tafa masa. Matarsa Piera ta yi magana a gida, ya ce ta bar masa. Ranar Alhamis yarinyar ta tsaya a taga tana kallon ƙawayenta suna wucewa biyu-biyu riƙe da hannun juna. Ba ta yi kuka ba, kuma hakan ya fi damunsa. Malama ta ce ranar Talata kowane yaro zai tsaya gaban aji ya faɗi abu ɗaya da ya gani da idonsa.

Masu aski a garin Litinin suke hutu. Don haka ranar Litinin, bayan an tashi makaranta, Neri ya sa rigarsa ta zuwa coci, Oretta ta sa sabon takalmi, suka kama hanya. Yana tafe yana tsara yadda zai yi a ciki: zai riƙa karanta rubutun da ke ƙarƙashin kowane zane da wutsiyar ido, sannan ya faɗa kamar ya daɗe da sani. Da suka karyo kwana ya ga babu dogon layin nan na kullum, har ya ce mata yau sun yi sa'a.

Ƙofar a rufe take. Ya tura, ya ƙwanƙwasa, ya sake turawa.

Gosto, mai sayar da burodi da tumbi a bakin dandalin, wanda Neri ke yi wa aski tun gashinsa na baƙi, ya leƙo daga rumfarsa.

"Neri, me kake nema a nan yau? Ko mutum-mutumin ciki ne suka kira ka aski?"

"Yarinya na kawo. Yaushe za su buɗe?"

"Gobe mana. Kai, da gaske kake? Tun kafin a haife mu Litinin ba sa buɗewa. Ko baƙon da ya sauka jiya ya san wannan." Ya kwashe da dariya, sai ya lura da yarinyar, dariyar ta maƙale. Ya yanka burodi ya miƙa mata, ya koma goge teburin da ba shi da datti.

Kunya ta rufe Neri. Ya so ya ce sabuwar doka ce, ko ya ɗora wa hukuma, amma Oretta ba jaririya ba ce. Shekararta tara, kuma ya ga lokacin da ta gane. Ta dubi ƙofar, ta dubi fuskarsa, sai ta zauna a kan matakala tana riƙe da burodin ba ta ci ba. Ya zauna kusa da ita. Ya tuna yadda ta tsaya a taga ranar Alhamis, ya san babu wanda ya hana ta shiga wurin nan sai shi, don kawai a tafa masa a shago.

Ita ta fara magana, kuma ba faɗa ta yi ba. Babbo take ce masa, wato baba.

"Babbo, kar ka damu. Gobe zan ce mun shiga. Zan ba su labarin injin nan mai fikafikai, ai na haddace." Ta juya burodin a hannunta. "Amma Lapo ɗan ajinmu ya gani, kuma zai tambaye ni don ya kama ni. Wane launi ne fikafikan?"

Ta kafa masa ido. Ya ga ta san komai, kuma duk da haka tana ba shi hanyar da zai fita da mutuncinsa. Abin da ya kamata ya faɗa yana bakinsa: ban sani ba, ban taɓa gani ba, gobe zan rufe shago in je in gaya wa malamarku da kaina. Maganar ba ta da tsawo. Amma Gosto na nan kusa yana ji, kuma bakin Neri ya riga ya saba da aikinsa.

"Ja ne," ya ce.

"Ja," ta maimaita a hankali. Ta miƙe ta kaɗe siket ɗinta, ta kama hannunsa. Har suka isa gida yana jin ta tana faɗa ƙasa-ƙasa don kar ta manta.