Kwalabe a Bolar Ticha

Ni fa ban sha ba. Wallahi ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba, kada ma wani ya fara kallona a karkace. Aikina a gidan Alhaji Inuwa, nan Nassarawa GRA, ban ruwan fulawa ne da askin ciyawa, sai kuma wani aikin da ba a faɗa, wato kwashe kwalabe.

Alhaji yana da wani ɗan ɗaki a bayan gareji inda yake zama da abokansa. Kafin a ƙaddamar da shari'a, a bolar gida nake zuba kwalaben, motar shara ta kwashe, ba mai tambaya. Da shari'a ta zo sai Alhaji ya tsayar da gemu, ya ɗage wando. Aka kafa kwamitin gyaran tarbiyya na layinmu, aka ba shi shugabanci, tunda shi ya shimfiɗa wa masallaci kafet, ga shi kuma yana harin kujerar majalisa. Gemu dai ya fito, amma shan yana nan yadda yake.

Wata safiya ya kira ni. Ya ce, "Ɗanjuma, kayan nan kada in ƙara ganinsu a bolata. Nemi inda za ka riƙa kaiwa."

Ni da shegen wayona na ƙauye sai na tuna da Ticha. Malam Bartholomew ke nan, mutumin Zariya, malamin lissafi a wata sakandare. Yana haya a ɗakunan baya na gidan Hajiya Zulaiha, gida uku tsakaninmu, shi da matarsa Clara da 'ya'yansu mata biyu. Bolarsu wani tsohon durom ne a lungu. Na ce a raina, ai Kirista ne, kuma an faɗa a rediyo shari'a ba ta hau kansu ba. Wa zai damu da kwalba a bolar Kirista? Duk Litinin da Alhamis da hantsi sai in jera su a baro, in rufe da ciyawar da na aske, in tura in juye. Haka na yi ta yi kusan shekara biyu.

Ashe cocin su Ticha sun fi mu tsanar giya. Ni ina na sani? A garinmu, can bayan Gumel, ce mana aka yi dukkansu da ita suke kurkure baki.

Wanda ya tono maganar Ashiru ne, sakataren kwamiti, wani munafuki mai yawo da ɗan littafi a aljihu, ba shi da aiki sai leƙen sharar mutane. Ya lura masu tsintar kwalba har faɗa suke yi a kan durom ɗin Ticha. Ya je ya ce wa jama'a wannan ya wuce sha, sayarwa ce. Kafin Alhaji ya ankara magana ta zaga layi, ba damar ya danne ta.

Ranar Laraba bayan La'asar aka taru a ƙofar gidan Hajiya Zulaiha, ƙarƙashin darbejiya. Aka jera kwalaben a ƙasa. Alhaji ya hakimce a kujerar roba yana jan carbi, masu gadi da direbobi da kukun gidaje sun yi da'ira. Hajiya tana tsaye daga cikin get, ta ce ita bazawara ce, ba ta son fitina a gidanta. In aka samu shaida ɗaya tak, Ticha ya tattara ya tashi.

Ticha ya fito da farar riga, alli bai ma gama fita daga hannunsa ba. Ya ce, "Alhaji, shekarata goma sha ɗaya a layin nan. Ni dattijon coci ne, ko a bikinmu ba a kawo wannan abu. Ina ganinsu a durom, na ɗauka daga otal ɗin baya ake zubowa, har na yi wa masu shara magana."

"Ƙarya kake!" wani ya daka masa tsawa. Ko ban juya ba na san muryar. Lawan ne, direban gidanmu, wanda shi ke ɗauko katan-katan ɗin daga Sabon Gari a but ɗin mota, ya lulluɓe da darduma. Shi ya fi kowa kumfar baki ranar, ɗan banza. "Kun zo garinmu kuna lalata mana yara! A fitar da shi!"

Jama'a suka ɗauka. Wani ya tofar da yawu kusa da takalmin Ticha. Clara ta riƙo hannun mijinta tana ja, 'yan matan suna leƙe ta taga.

Ticha ya waiga yana neman fuskar da ya sani, idonsa ya faɗa kaina. Har wani ɗan murmushi ya yi. Ya ce, "Yauwa, ga Ɗanjuma. Kullum yana zuwa zubar da ciyawa a lungun nan. Ku tambaye shi ko ya taɓa ganin wani ya shigo saye. Mutumin kirki ne, ba zai yi mini ƙarya ba."

Innalillahi! Da ma zagina ya yi.

Alhaji bai bari na buɗe baki ba. Ya tsayar da carbi, ya dube ni irin kallon da na sani. Ya ce, "Bar maganar masu saye. Ɗanjuma, tsakaninka da Allah, kana ganin kwalabe a durom ɗin nan ko ba ka gani?"

Na tuna ɗakina ɗaya a Gama, da Tani matata, da yara biyar. Na tuna wa zai ɗauke ni aiki a GRA in aka ji na tona asirin maigida. Na ce, "Ina gani, ranka ya daɗe."

"Sau ɗaya, ko kullum?"

"Duk Litinin da Alhamis."

Ban yi ƙarya ba, ku shaida. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan har gobe.

Aka yi kabbara. Ticha ya matso gaban kwalaben. Ya sunkuya ya ɗauki kwalba ɗaya, ya zaro wani ɗan guntun ciyawa da ya maƙale a bakinta, ɗanya shar, askin inji. Gidan Hajiya Zulaiha kuwa siminti ne tun daga get har baya, ba ciyawar askewa. Ya dubi ciyawar, ya dube ni, ya dubi Alhaji, sannan ya dubi taron da ke jiran ya furta kalma ɗaya su far masa. Ya ajiye kwalbar a hankali.

Clara ce ta kasa haƙuri. Ta nuna ni da yatsa, ta ce, "Kai da nake ba ka ruwan sanyi in ka zo? Allah ya isa tsakaninmu da kai!"

Hajiya ta ba su kwana uku. Ranar Asabar akori-kura ta kwashe su, aka ce Badawa suka nufa, gidan wani ɗan cocinsu. Ina daga bayan shinge riƙe da tiyo, ban iya fitowa ba.

Litinin da safe na tarar da kwalabe a bayan gareji, sun ma fi na kullum yawa. Alhaji yana shirin shiga mota, Lawan ya buɗe masa ƙofa. Na matsa na ce, "Ranka ya daɗe, kayan fa? Yanzu ina zan kai?"

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Akwai wata Irene, nas ce, ta tare a gida mai jan get. Ba ta da miji, ba mai tsaya mata."

Na tsine masa a zuciya, na tsine wa Lawan, na tsine wa kaina. Sannan na jera su a baro, na rufe da ciyawa, na tura.

Irene tana shanya a ƙofar ɗakinta lokacin da na isa. Ta ganni ina ta waige-waige, sai ta yi murmushi ta ce, "Sannu da aiki, baba. Durom ɗin yana ta baya, zuba abinka kawai."