Jar Igiya a Wuyan Yaya

Auta ya haura hamsin, furfura ta cinye masa gemu, amma har yau Auta ake ce masa, don Yaya bai taɓa kiransa da wani suna ba. Tare suka tashi a gidan yankan katako, tare suka tsufa a gindin zarto. Da mai gidan ya sayo sababbin injuna waɗanda komai nasu da Turanci yake fitowa a allo, sai ya ce ba zai kori tsofaffin hannu ba. Ya tura su biyun wata ƙasa, kwas ɗin Turanci na ɗan lokaci, su samo abin da ya samu.

Ranar farko aka tara su a wani zaure mai kujerun roba, sanyin na'ura yana dukan ƙeya. Ɗalibai daga ko'ina, yawancinsu sa'annin 'ya'yan Auta ne. Matar da ke jan ragamar shirin siririya ce, da usur rataye a wuya, nan take Auta ya raɗa mata Mai Usur. Ta yi bayani a hankali, tana haska hotuna a bango: ga inda ake jiran bas, ga katin da ke buɗe ƙofa, ga kwandon kwalabe dabam da na takarda, ga abin da ke manne a rufin ɗaki wanda ke kwarma ihu in ya ji hayaƙi. Kowa kuma a gidan wasu mutanen gari zai sauka, ya ci da su, ya ga yadda suke rayuwa.

Duk wannan, hannun Auta yana aiki a kan gwiwarsa. Ya murza sitiyari da yatsu, bas ke nan. Ya goga tafi a tafi, kati. Ya kaɗa yatsu sama ya toshe hanci, hayaƙi. Yaya yana kallon bango kamar kowa, amma wutsiyar idonsa tana kan gwiwar, yana gyaɗa kai daidai inda ya kamata.

Ƙarar zarto ta kashe kunnen Yaya tun tuni. A wurin aiki ba wanda ya gane, domin a can kowa da hannu yake magana saboda ƙara. Mai gida bai san abin ya kai haka ba. Ran da ya sani, zai cire Yaya daga kan inji ya ba shi kujera a bakin get, kuma Yaya ya gwammace a binne shi. A cikin jirgi ma sai da ya damƙi wuyan hannun Auta ya ce in ya kuskura ya faɗa wa wani, to ba shi ba shi.

Sai Mai Usur ta zo kan babbar doka: Turanci kawai. Don haka duk masu yare ɗaya za a raba su, aji dabam, gida dabam, mota dabam. Aka bi layi ana rataya wa kowa igiya a wuya. Yaya ja, Auta kore.

A waje motoci biyu suna jira. Masu kore suka shige tasu. Auta ya ja akwatinsa zuwa bakin motar masu ja, ya zauna a kai, ya harɗe ƙafa.

Mai Usur ta zo da murmushinta ta nuna masa ɗaya motar. Ya ce a'a. Ta sake bayani da Turanci mai taushi irin na lallashin yaro, cewa don amfaninsa ne, in suna tare bakinsu ba zai buɗe ba. Auta ya tattaro guntun Turancin da ya tsinta a jikin kwalaye ya ce inda Yaya ya kwana nan zai kwana. Ta ce ai duk wanda ke nan ya baro wani nasa a gida. Ya ce shi bai baro ba, ya taho da nasa. Wasu 'yan mata a tagar motar masu kore suka tuntsire da dariya. Direban masu kore ya danna oda.

Murmushin ya ɗauke. Ta ce wanda ya ƙi bin tsari daga ranar farko, dole ta sanar da mai gidan da ya turo shi, kuma yana iya komawa inda ya fito. Auta ya gane wannan sarai, kalmar “mai gida” ba ta ɓuya ko da wane yare. Amma bai motsa daga kan akwati ba. In ya shiga motar kore, gobe a aji za a yi wa Yaya tambaya ya yi zuru, jibi kowa ya sani.

Ta juya ta busa usur don masu ja su hau. Duk suka waiwayo. Yaya yana can gefe, ya ba ta baya, ya duƙa yana shafa wani bencin katako da babban yatsa, yana duba yadda aka haɗa ƙafarsa. Ta matsa kusa ta sake busawa, har tsuntsaye suka tashi daga kan waya. Yaya bai ɗago ba.

Ta sauke usur ɗin a hankali. Ta dubi Auta, ta fara kai yatsa wajen kunnenta.

Auta ya miƙe tsaye, ya tare tsakaninta da Yaya.

“Yayana lafiyarsa ƙalau,” ya ce da ƙarfi da Turanci, kalma ɗaya bayan ɗaya, yadda 'yan cikin mota za su ji. “Ni ne. Ina jin tsoro. Ba na iya kwana ni kaɗai. Gaya wa mai gida haka.”

Dariya ta ɓarke a motar. Wani saurayi har da buga kujera. Auta ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya sai da suka yi tsit.

Mai Usur ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce masu ja ajin 'yan koyo ne, za a mayar da shi baya, daga gaisuwa zai faro. Ya ce gaisuwar ma bai iya ba. Ta ce kuma duk abin da zai fito daga bakinsu, Turanci ne, ko a ɗaki.

“Baki, Turanci,” in ji Auta. Ya zura hannuwansa a aljihu.

Ta kalli aljihun. Ta cire masa koriyar igiyar, ta zaro ja daga jakarta ta miƙa masa. Bai ce na gode ba. Ya je ya taɓa kafaɗar Yaya.

A mota Yaya ya tambaya da hannu me ya jawo dariya. Auta ya nuna ƙirjinsa, ya karkaɗa yatsu alamar tsoro, ya kwantar da kunci a tafi. Yaya ya tsuke fuska ya juya ga taga.

“Ƙaton banza,” ya ce da Hausa, da muryar nan tasa da ba ya jin ƙarfinta. “Da furfurarka za ka kunyata ni a ƙasar mutane.”

Mai Usur ta waiwayo daga kujerar gaba. Auta ya ɗaga mata hannu, ya ce Yaya yana cewa gari ya yi kyau. Sannan ya sauke hannun kan gwiwa, ya juya yatsa sau biyu ya dunƙule, alamarsu ta wurin aiki: inji yana tafiya, ci gaba da yanka.