Get Ɗin Baba Kwalta

Baba Kwalta da hannunsa ya yi wa get ɗin gidansa fenti, kuma da tsakar rana ya yi, saboda a wajensa aikin da rana ba ta shaida ba wasan yara ne. A kan titi ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana shimfiɗa kwalta, wuta a ƙasa wuta a sama, har sunan ya manne masa, jikokinsa ma ba su san yana da wani ba. Garin kuwa irin wanda hadari ke ratsawa ta sama ne ya wuce ko sallama babu. Rana a nan ba ta barin komai da launinsa: ja ya koma ruwan hoda, shuɗi ya koɗe, fentin bango ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. To, a irin wannan ranar ce dattijo ya ɗaura tsohon tawul a ka, ya tsoma buroshi a gwangwani, ya lafta wa ƙarfen da ko taɓa shi ka yi sai ka yarfa hannu.

Kafin a je ko'ina get ya yi bororo. Wani wurin ya kumbura, wani ya yamutse, sawun buroshi kuma ga shi nan rututu, domin fentin tun bai gama barin gashin buroshin ba yake bushewa. Baba ya ce laifin masu fentin zamani ne, ba sa tsoron Allah. Matarsa ta leƙa, ta kalli get sama da ƙasa, ta ce lallai kam, ta koma ciki tana dariya ƙasa-ƙasa.

Dama ta daɗe tana yi masa mitar ƙananan gyare-gyare. Bangon kicin ya yi baƙi a saman murhu, katakon tagogi ya tsattsage, ƙofar banɗaki ta zama abin kunya in an yi baƙi, ga wata tsaga a falo da take ɓoyewa da labule. Ba aikin da zai sa a ɗauko kamfani ba ne, mai fenti ɗaya ake nema, mai hannu da haƙuri. An taɓa kawo wani ya ɗiga musu fenti har a kan kujera, wani kuma ya fara ya tafi cin abinci, har yau bai dawo ba. Rannan da safe ta ajiye masa shayi, ta ce ita fa ta gaji, Auta za ta kira.

Baba ya yi kamar bai ji ba. Auta shi ne ɗansu na ƙarshe, kuma shi ne ciwon da ke cin Baba a rai. Shi kaɗai ne a gidan ya yi karatu mai zurfi, ya samu aiki a wani ofis mai esi, mai kujerar nan da ke juyawa. Ranar da ya fara zuwa aiki da taye a wuya, Baba ya laƙaba masa Manaja, ya bi abokansa ɗaya bayan ɗaya yana faɗa musu cewa shi ya sha rana ne don kada ɗansa ya sha. Sai ga shi bara yaron ya ajiye aikin da kansa, ba korarsa aka yi ba, ya sayi tsani da rola da tsohon babur, wai shi fenti ne ke sa shi farin ciki. Tun daga nan gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a tsaitsaye.

Abokan kuwa ba su sani ba, don Baba bai taɓa faɗa ba. Kullum bayan la'asar, idan inuwar katangar gidansa ta faɗo kan titi, nan suke jera kujerunsu dab da get, Tsohon Direba da Mai Agogo da sauransu. In aka tambaye shi ya Manaja, sai ya ce yana nan lafiya, aiki ya yi masa yawa. Ba ƙarya ya yi ba, amma shi ma ya san ba gaskiya ya faɗa ba.

Da matar ta ƙi sakin maganar, sai ya kafa sharaɗi. Yaron ya zo a matsayin mai aiki, kamar kowane mai aiki. Ta ƙaramar ƙofar baya zai riƙa shiga, wadda ake fita da shara, babur ɗinsa ma a lungu zai ajiye. Aikin ciki kawai zai yi, get kuwa kada wanda ya taɓa masa. Matar ta yi masa wani irin kallo, ta ce to, Maigida, an ji.

Haka Auta ya zo da sassafe ta ƙofar baya, da rigar aiki mai ɗigo-ɗigon launi iri-iri, ya durƙusa ya gaishe da mahaifinsa. Baba ya amsa yana kallon rediyo, ya ce masa, “Mai fenti, ga aiki nan, a yi shi da kyau.” Yaron ya ce in sha Allahu, ko a fuska bai nuna ya ji zafin sunan ba.

Baba ya ja kujera tsakar gida don ya kama kuskure. Abin da ya fara gani bai yi masa daɗi ba: yaron nan inuwa yake bi. Da safe yana tagogin yamma, inda rana ba ta kai ba. Da ta ɗago sai ya naɗe kayansa ya shige kicin. Kafin ya ɗora buroshi a ko'ina sai ya kai bayan hannunsa ya taɓa wurin, kamar uwa mai duba zazzaɓin ɗanta, in ya ji da ɗumi ya bar shi ya koma wani. Baba ya ce wa matarsa ga irin abin da ofis ke yi wa mutum, ya mai da shi ragon da ke tsoron rana. Ta ce ai shi da ba ya tsoronta an ga abin da ya yi wa get.

Amma idon da ya saba duba gefen titi ba ya iya yi wa kansa ƙarya. Baba ya ga yadda yaron ya wanke baƙin kicin tas kafin ya taɓa gwangwani. Ya ga ya buɗe tsagar falo ya share ta, ya cike, ya jira ta bushe, ya goge da samfefa har sai da tafin hannu ya kasa gane inda take. Da ya zo inda bango ya haɗu da silin, sai ya riƙe numfashi ya ja layi da hannu kawai, daga wannan kusurwa zuwa waccan, babu karkata babu ɗigo. Baba ya taɓa aiki da mutane masu yawa, kuma ya san waɗanda ke iya jan layi haka ba su da yawa. Sai da Auta ya fita wanke buroshi sannan Baba ya tashi ya je ya kanne ido ɗaya ya bi layin da kallo. Sai ya yi sauri ya koma kujerarsa kada a gan shi.

Akwai kuma abin da ya fi layin damunsa. Lokacin ofis, yaron da ciwon kai yake dawowa, fuska a ɗaure, abinci ma sai an yi da gaske. Yanzu kuwa yana bisa tsani yana 'yar waƙarsa, yana tsokanar uwarsa wai hayaƙin girkinta ya fi ƙarfin kowane fenti, ita kuma tana cewa ya sauko ta nuna masa ƙarfin ludayi. Wayarsa ba ta hutawa. Baba yana ji yana ba mutane haƙuri, wannan ya jira, wancan sai ya gama da wani gida, yanzu yana kan wani aiki mai muhimmanci. Baba ya daɗe yana juya kalmar nan a ransa, wai ƙofar banɗakinsa ce aiki mai muhimmanci.

Da aikin ciki ya ƙare, gida ya yi fes har matar ta cire labulen nan ta ninke. Auta ya haɗa kayansa, ya zo ya tsuguna gefen kujerar mahaifinsa, ya ce saura get. Baba ya ce ai ya faɗa ba a taɓa masa get. Yaron ya ce ya sani, amma bororon nan in ya fashe ƙarfen zai fito tsirara, kuma Baba da kansa ya san abin da ke biyo baya, wato tsatsa. Ya ce get ɗin gabas yake kallo, rana na fitowa shi take fara duka, don haka babu lokacin da za a yi masa fenti ya kwanta sai bayan la'asar, idan inuwa ta rufe shi ƙarfen ya huce.

Sannan ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, “Na san lokacin zamanku ne da su Baba Direba. Ina da aboki mai hannu sosai, ba wanda ya san shi a layin nan. Shi zan turo, Baba, ba sai an gan ni ba.”

Ya faɗa ne babu gori babu fushi, kamar mai bayanin inda za a ajiye bokiti. Nan ne maganar ta soki Baba. Ashe yaron ya sani. Ya san dalilin ƙofar baya, ya san dalilin lungu, kuma kullum ya sunkuyar da kai ya bi ta inda ake fitar da shara zuwa gidan ubansa, da murmushinsa. Kunya ta rufe Baba Kwalta, irin wadda bai taɓa ji ba ko a gaban shugaban aiki. Auta ya ɗauki tsaninsa. Sai da ya kai bakin ƙofa Baba ya ce masa, “Ba na son baƙo a get ɗina. Kai za ka yi. Gobe.”

Washegari Baba ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya canja riga, ya sake canjawa, matar tana kallonsa. Da inuwa ta faɗo titi abokai suka hallara kamar kullum, Mai Agogo yana ba da labarin da kowa ya riga ya haddace. Ana cikin haka aka ji ƙarar babur, ya nufi lungu yadda ya saba. Baba ya miƙe tsaye a gaban kowa, ya ɗaga hannu ya yafito shi.

Auta ya tsaya a gaban get, tsani ɗaure a bayan babur, bokiti na lilo. Ya sauka ya gaishe da iyayen nasa ɗaya bayan ɗaya. Tsohon Direba, wanda bakinsa ba ya iya riƙe magana, ya gyara tabarau ya ce, “Wa nake gani kamar Manaja? An rufe ofishin ne?”

“Ofishin na nan,” in ji Baba, tun kafin yaron ya buɗe baki. “Yaron ne ya fi ƙarfinsa. Ku janye kujerunku, aiki za a yi.”

Da maganar ta fita sai ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ka. Ya karɓi abin kankara daga hannun ɗansa, ya ce ɓarnar da ya yi da hannunsa shi zai cire ta. Auta ya nuna masa yadda zai kwantar da bakin ƙarfen kada ya yi wa get rauni, Baba kuwa ya bi umarni tiryan-tiryan, shi da ko likita ba ya yi wa haka. Mai Agogo ya ce yau ya ga abin da ya fi labarinsa, aka kwashe da dariya, har da Baban.

Sai da aka yi yammaci da yammaci ana abu ɗaya: kankara, samfefa, jan shafen da ke hana tsatsa, sannan shuɗin fenti. Majalisa ta koma kallon aiki. Baba ya zama mai gadi, ya hana yara matsowa, ya hana Direba jingina, in wani ya ce me ya sa ba za a ƙarasa da safe ba sai ya yi masa bayanin zafin ƙarfe dalla-dalla, kai ka ce shi ya gano abin. Ranar shafen ƙarshe fenti ya kwanta sumul, har mutum na ganin inuwar fuskarsa a ciki.

Auta na durƙushe yana ƙarasa ƙasan get sai wata mota ta rage gudu ta tsaya. Mai motar ya sauke gilashi ya yi sallama, ya ce ya daɗe yana neman wanda zai yi masa 'yan gyare-gyare a gida, duk wanda ya samu sai ya yi da-na-sani. Ya nuna Auta da baki, ya tambaya ko dattawa sun san daga ina aka samo wannan mai fentin.

Abokai suka juya suna kallon Baba. Shi kuwa ya gyara zaman hularsa, ya tako har bakin motar, a hankali, don kowa ya ji.

“Daga cikin gidan nan,” ya ce. “Ni na haife shi.”

Buroshin Auta ya tsaya cak a jikin ƙarfe. Bai waiwayo ba. Ya kai gefen hannun rigarsa ya share ido, sannan ya ci gaba da jan layinsa.