Ajimi Ya Daina Gaisuwa

Tun daminar da Babakura ya zame a bakin wata kwata a unguwar Hausari, hularsa ta faɗa cikin ruwan datti, bai ƙara tafiya kai a ɗage ba. A ranar ya waiga bai ga kowa ba, ya tsamo hular ya cusa a aljihu, ya gode wa Allah da ya rufa masa asiri. Mutumin da ya tsufa yana sayar da hula zanna, a ce tasa ce a kwata! Ko matarsa Turai bai gaya wa ba.

Gwiwar da ya buga ta warke, tsoro ya ƙi tafiya. Daga gida zuwa masallaci idonsa na ƙasa, yana kaffa-kaffa da kowane rami da ɓawon mangwaro. In an gaishe shi sai ya amsa a gurguje ba tare da ya juya ba, shi da a da yake gaisuwa har sai ya tambayi lafiyar awaki.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne Ajimi, amininsa tun suna samari, mai shagon gyaran rediyo a kan hanyar. Da tun daga nesa Ajimi ke rangaɗa masa gaisuwar Barebari, "Wushe, wushe!" Yanzu kuwa Babakura zai zo ya wuce, Ajimi ya yi gum. Babakura ya ƙullace shi. Har ya faɗa a ƙofar masallaci, gaban jama'a, cewa tun da Ajimi ya dawo daga aikin hajji haƙorin Makka ya yi masa nauyi a baki. Aka yi dariya, shi ma ya ji daɗin maganarsa.

Wata ranar Asabar sai ga wata budurwa da jakar takardu, ta durƙusa ta gaishe shi. Ta ce sunanta Susanna Pindar, ɗaliba ce a jami'a, tana bincike a kan yadda tsoron faɗuwa ke canza tafiyar tsofaffi.

"Tsoro? Ni?" in ji Babakura. "'Yata, kin yi ɓatan kai."

Duk da haka ya yarda ta gwada tafiyarsa, don kada ta koma hannu rabbana. Ta ja layi a rairayi ƙarƙashin dogon yaro ta ce ya bi. Yana tsakiyar tafiya ta ce, "Baba, yaya iyali?"

Ya tsaya cak. "Lafiya ƙalau."

Suka sake. Ta tambayi kasuwa, ya sake tsayawa, hannunsa na laluben bango.

"Baba, kun lura? Da an yi muku magana sai ku tsaya. Hankalinku duk yana ƙafa, ba ya iya ɗaukar tafiya da hira tare. Ba abin kunya ba ne, da yawa haka suke."

Ya ji kamar ta tuɓe masa riga a kasuwa. Ya haɗe rai. "Wa ya turo ki wurina?"

"Baba Ajimi, da na kai masa rediyo. Ya ce a idonsa kuka faɗi, ya ɓuya cikin shago don kada ku ji kunya. Ya ce bayan nan ya gaishe ku wata rana kuka yi tuntuɓe, shi ya sa yake kame bakinsa har ku wuce lafiya. Ya roƙe ni ko akwai magani."

Babakura ya zauna a kan benci. Tana ta bayanin motsa jiki da riƙe sanda, shi kuwa ba abin da yake ji sai dariyar ƙofar masallaci.

Da la'asar ya kama hanya. Da ya iso shagon ya dafa ginshiƙin rumfa, ya tsaya sosai, ya ɗaga kai.

"Wushe, Ajimi."

Ajimi ya ajiye abin da ke hannunsa. Ƙafafun ya fara kallo kafin fuskar.

"Ka tsaya da kyau?"

"Na tsaya."

"To, wushe, wushe, Babakura!" Ya yi murmushi, haƙorin ya haska. "Ka yi haƙuri da jinkirin. An ce nauyi ya yi mini."

Babakura ya sake sunkuyar da kai, wannan karon ba rami yake dubawa ba.